Farin Gashin Bakin Kaka Firmin

A ƙauyenmu ba a tambayar dattijo ko ya ci abincin rana, gashin bakinsa ake kallo. In gefensa ya rine ya yi jajir kamar an tsoma shi a tukunyar rini, to ya ci, ya kuma yi shabro. Wato da romo ya kusa ƙarewa ya tsiyaya jar giyar inabi a kan sauran, ya juya, ya ajiye cokali, ya ɗaga kwanon da hannu biyu ya kafa kai. Haka iyayensu suka yi. Wanda duk aka ga ya sha da cokali, sai a fara tambaya a ɓoye ko daga ina uwarsa ta fito.

Kakana Firmin shekararsa saba'in da tara, kuma a wannan gefen kogin Lot babu mai gashin baki irin nasa. Sama fari fat, ƙasa ja. Marigayiya kakata ta yi fama da shi da sabulu da lemon tsami shekara arba'in, ta koma ga Allah ba ta ga farinsa ba. Ban sani ba ko ya dace a fara labari da gashin baki, amma na zagaya ban samu wata ƙofa ba.

Mamata Odile ba 'yar nan ba ce. Daga arewa take, bakin kogin Loire, inda suke yin farar giya ba su ko jin kunya. An ce ranar da Baba Rémi ya kawo ta gida, Kaka ya dube ta sama da ƙasa ya ce yarinyar ba ta da laifi, laifin ƙasarsu ne. Tun ran nan bai taɓa kiran sunanta ba. 'Yar arewa yake ce mata. A wurinsa farar giya amfaninta uku ne: a ba mara lafiya, a dafa kifi, a kuma goge tabon ja in ta zube a mayafin tebur.

Shekara bakwai da suka wuce Mama ta dame shi da roƙo har ya gaji, ya ba ta wani fili mai duwatsu a bayan maƙabarta, inda ko akuya ba ta tsayawa. Ya ce ta dasa farin inabinta a can, matattu ba za su yi ƙara ba. Amma da sharaɗi, kuma a gaban shaidu ya gindaya shi: a liyafar gama tsinkar inabi ta shekara ta bakwai za a ɗora giyarta a tebur. In tebur ya karɓa, fili ya zama nata. In bai karɓa ba, tarakta ya tuge komai a dasa ja.

Ni na ga Mama a filin nan. Na ga ta kwashe duwatsu da baro, na ga ta kunna kyandirori tsakanin layuka da asubahin da sanyi ya so ya ƙona toho, na ga hannuwanta sun tsattsage har ta daina sa zobe. Bara ne filin ya fara ba ta abin kirki, ganga biyu cif. Bana kuwa ita ce shekara ta bakwai.

Kowace Litinin takan sauka ɗakin ƙasa ta cika gangunanta har baki, don itace yana shan kaɗan, iska ma tana kwasar kaɗan. Abin da ya ɓace ta haka mukan ce rabon mala'iku ne. To tun wajen bikin Ista sai ganga ta biyu ta fara sauka fiye da kima. Gangunan Kaka na ja kofi ɗaya suke nema a mako, ta Mama kuwa sai an juye mata kwalba biyu. Ta sake toshiya. Ta shafe bakin da kaki. Sau biyu tana kiran mai gyaran ganga, ya kwanta a ƙasa da tocila yana shafa itace kamar likita, ya tashi ya ce ko ɗigo babu.

Da ta faɗa a wurin cin abinci, Kaka ya ce, "To me kike mamaki, 'yar arewa? Giyarki ba ta da nauyi. Tashi take. Ja kuwa zama take a inda aka ajiye ta, tana da tarbiyya."

"Ganga ɗaya ce ke tashi, Baba. Ɗayar tana nan."

"Mala'iku ma suna da zaɓi."

Baba Rémi ya ce a miƙo masa burodi. Babana mutumin kirki ne, sai dai duk sanda matarsa da ubansa suka fara, yunwar burodi ce ke kama shi.

A wannan lokacin ne kuma Kaka ya daina shan romon rana tare da mu. Ya ce rediyon kicin na hana shi jin ɗanɗano. Sai ya ɗauki kwanonsa da burodinsa ya sauka ɗakin ƙasa. Babu wanda ya haɗa wannan da wancan. Abin da mutane suka lura da shi dabam ne. Amininsa Léonce, wanda suke zaman shagon shayi tare tun kafin a haifi Baba, ya fara yaɗa cewa gashin bakin Firmin ya yi haske kamar rigar limamin coci, ko dai ciwo ne yake ɓoyewa ko kuma wata bazawara ce ta sa shi wanka.

Ni ma ba wayo ne ya sa na gano ba, lalaci ne. Sunana Sidonie, amma Kaka Tabarau yake kirana. A makon tsinkar inabi kowa na gona, har ni, ga shi ba ni da sauri, almakashi ya fi son yatsana da reshe. Ran Laraba wajen sha ɗaya na ce kaina na ciwo. Na lallaɓa ɗakin ƙasa da littafina, na shige bayan tsohuwar babbar ganga inda wata 'yar taga ke kawo haske. Ina tsakiyar shafi na ji takun Kaka a matakala, da warin tafarnuwa na biye da shi.

Ya zauna a kan akwati ya sha romonsa a natse. Da ya rage kamar cokali biyar sai ya miƙe. Ya wuce gangunansa na ja guda goma sha biyu ko kallonsu bai yi ba. Ya tsaya a gaban ganga ta biyu ta Mama, ya ɓamɓare kakin a hankali da wuƙarsa, ya zura dogon bututun gilashin nan da ake zuƙo giya, ya sake shi a cikin kwano. Sau biyu. Ya ɗaga kwanon ya kafa kai. Da ya sauke sai ya ce "Aaah!" ya daki cinyarsa, irin dukan da rabon da mu ji shi a tebur tun bazara.

Sannan, ba tare da ya juyo ba, ya ce, "Tabarau, fito. Ga takalminki nan ya leƙo."

Na fito, kunnuwana kamar an ɗora su a garwashi.

"Kaka, farar Mama ce."

"Dubawa nake ko ta lalace."

"Tun yaushe kake dubawa?"

Ya share baki da bayan hannu. "Tun Ista. Ke kuma wa ya naɗa ki alƙali? Na zuba ne ranar farko don in samu abin zagi. Na ce bari in gwada ta a romo, in je in faɗa wa Léonce ko a romo ba ta da amfani." Ya dubi kwanon da haushi. "Munafukar giya. Ta shiga tafarnuwa kamar gidan ubanta."

"To ai shi ke nan! Sai ka faɗa ran Lahadi a liyafa, a bar wa Mama filinta."

"In faɗa? A gaban Léonce? Shekara bakwai kowace Lahadi ina cewa zan tuge. Na faɗa a shagon shayi, na faɗa a ƙofar coci, na faɗa a jana'izar mutum biyu. Na riga na kira mai tarakta, Litinin da safe zai zo."

"In aka tuge, me za ka riƙa zubawa?"

"Ganga ɗaya da rabi ta rage. Shekarata saba'in da tara. Na auna, za ta kai ni."

Ya narkar da kakin da ashana ya mayar, da gwanintar wanda ya daɗe yana yi. A bakin matakala ya tsaya ya ce, "In kika buɗe baki, babanki zai ji inda ciwon kan nan yake zuwa hutu." Amma shi da ni mun san ba wannan ne zai rufe min baki ba. Ni mutum uku in suka taru suna kallona, muryata guduwa take ta bar ni. A makaranta an taɓa sa ni karanta layi huɗu a gaban aji, sai da aka kawo min ruwa.

Kwana huɗu ina ɗauke da maganar. Sau biyu na bi Mama kicin don in faɗa mata, sau biyu na ƙare da tambayarta inda gishiri yake. Kuma ko na faɗa mata, me za ta yi? Kaka zai ce yarinya ce mai yawan karance-karance, ta fara ganin abubuwa.

Baba, don kada a ce ya goyi bayan wani, ya gayyato masanin ɗanɗanon giya daga birnin Bordeaux ya yanke hukunci. Yallabai Ferrand sunansa. Ya iso ran Lahadi da hantsi da farar riga, da akwatin da muka zaci kayan busa ne. Kofunan gilashi ne a ciki, kowanne a kwance a gadonsa. Ya fito da ma'aunin zafi irin na asibiti, da wani ɗan bokitin azurfa. Mun shimfiɗa dogon tebur a tsakar gida, mutum talatin da 'yan kai, masu tsinka da maƙwabta, dattawa bakwai a jere a gefen Kaka kamar an shuka su. Ni aka ajiye a hannun damansa inda aka saba ajiye ni, don shi kaɗai ne ke magana ba ya bukatar amsa.

Yallabai Ferrand ya leƙa kicin ya shaƙi iska, ya dafe ƙirji.

"Madam, mene ne a tukunyar nan?"

"Romon tafarnuwa. Da shi ake farawa."

"Ba yau ba. Tafarnuwa kashe harshe take. Sai an gama ɗanɗano."

Da labarin ya iso tebur, dattawan nan bakwai suka dubi juna kamar a gidan rasuwa. Léonce ya ce shi ya ga yaƙi ya ga fari ya ga ƙanƙara ta cinye gona a rabin awa, amma bai taɓa ganin liyafar da aka fara ba romo ba.

Aka kawo kifin kogi da aka soya da man shanu, da farar Mama. Yallabai ya zuba ɗan kaɗan, wanda ko kaza ba za ta ƙoshi ba. Ya ɗaga wa rana. Ya juya, ya juya, ya cusa hanci har gira, ya lumshe ido.

"Akwai dutse," in ji shi. "Dutsen da ruwan sama ya taɓa. Akwai ɓawon lemo. Zuma can nesa. Sannan... ulun tunkiya, jiƙaƙƙe."

Léonce ya ɗaga murya. "Odile 'yata, tunkiya ce ta faɗa gangar? Shi ya sa take sauka!"

"Yabo ne, dattijo," in ji Yallabai.

"Allah ya kiyashe ni da yabonka."

Ya kurɓa, ya kuskure baki da ƙara kamar mai ciwon haƙori, ya karkata ya tofar a bokitin azurfa. Dattawa bakwai suka bi tofin da kallo. Wani a cikinsu ya cire hula.

Mu dai muka ci kifi muka sha. Ni rabin kofi aka zuba min, kuma ban ji tunkiya ba. Na ji man shanun ya yi nauyi a baki, giyar ta zo ta wanke shi ta bar kifin shi kaɗai, har mutum ya so wata loma. Masu tsinka suka miƙa kofuna a ƙara. Dattawa suka shanye nasu sarai, sannan kowa ya dubi Kaka ya yamutsa fuska daidai yadda ya yamutsa tasa.

Aka kawo agwagwa da dankali da aka soya a kitsenta, da jar Kaka, baƙa wuluk kamar tawada. Nan Kaka ya gyara zama. Yallabai ya sake cusa hanci.

"Aha. Tsohon sirdi. Taba. Ƙasan daji bayan ganye ya ruɓe."

"Sirdin wa?" in ji Kaka. "Rabon gidan nan da doki tun zamanin ubana. Ruɓa kuma a gidanku."

"Baba, yabo ne," in ji Baba Rémi.

"Kai ci burodinka."

Da aka zo kan cukun akuya, Yallabai ya sa aka jera masa kofi biyu, ja da fara. Ya gutsuri cuku ya kurɓi wannan ya tofar, ya gutsura ya kurɓi wancan ya tofar. Ya ce cukun akuya da fara ya dace, ja tana danne shi kamar ƙaton miji da 'yar ƙaramar mata. Matar Léonce ta ce wannan kam gaskiya ne, ta kuma san abin da take faɗa. Mama ta sunkuyar da kai, na ga yatsunta suna murɗa gefen rigar girkinta. Na ce a raina ko Allah ya kawo mafita ba sai na yi magana ba.

Sai Baba ya ce, "To Yallabai, hukunci. Farar nan ta karɓu ko ba ta karɓu ba?"

Yallabai Ferrand ya miƙe tsaye. Ya yi minti ashirin yana bayani, na duba agogon coci. Ya yi maganar ƙasa da rana da tsayin ɗanɗano da faɗinsa. Ya ce giya ce mai yin tambaya, ba mai ba da amsa ba. Ya ce tana da kunya amma ba ta da tsoro. Ya ce har yanzu tana neman kanta.

"Ta samu?" in ji Kaka.

"Tana hanya."

"Madalla. Tarakta ma yana hanya. Kun dai ji da kunnenku, mutumin birni da kansa bai ce tana da kyau ba. 'Yar arewa, a kawo romo mu ci abinci."

Mama ta tashi. Ta dawo da tukunya ta bi kowa ta zuba masa, da ta zo kaina na ga ta cije leɓe har ya yi fari. Ta cika kwanon Kaka kamar kullum, har da ƙarin burodi a ciki yadda yake so.

Na buɗe baki. Wallahi na buɗe. Iska ce kawai ta fito. Na sake gwadawa, mai tsinkar da ke gefena ya zaci ƙashin kifi ne ya bubbuga min baya.

Kaka yana shan romo yana wa'azi, fuskarsa na wajen Léonce. Yana cewa ƙasar nan ƙasar ja ce tun kafin a gina coci, kuma ja za ta zauna har a tashi duniya. Kwalbar jarsa tana inda take zama shekara sittin, dab da hannunsa na dama, wato dab da gwiwar hannuna. Romo na sauka. Cokali goma ya rage. Bakwai.

Muryata ce ta gudu, hannuwana suna nan. Na ɗauke kwalbar ja na ajiye ƙarƙashin kujerata, na jawo ta Mama na tsayar a gurbinta.

Kaka ya ajiye cokali. Ya miƙa hannu bai duba ba, yana cewa, "Ni Firmin, in kun ga farar giya ta shiga bakina don daɗi, ku auna min akwati," ya tsiyaya. Sai da ya ga idon Léonce ya fito waje sannan ya dubi kwanon. Romon bai yi ja ba. Ya yi ruwan zinariya.

Kaka ya ɗago kai.

"Wa ya ajiye wannan abin a nan?"

"Ni ce." Ban san daga ina muryar ta dawo ba. Siririya ce, amma ta fito.

Ya dube ni ta ƙasan gira. "Kuskure ne, Tabarau. Ido ne ba ki da shi. Ko ba haka ba?"

Hanya ya buɗe min, kuma Allah ya sani na so in bi. Na kalli Mama tsaye da ludayi.

"Ba kuskure ba ne, Kaka. Ka ce mala'iku ne ke shan gangar Mama. Ni dai wanda na gani ran Laraba yana da gashin baki."

Léonce ya tashi a hankali. Ya zagayo tebur, ya sa tabaransa, ya sunkuya har hancinsa ya kusa taɓa na Kaka, ya ƙare wa gashin bakin kallo kamar mai sayen doki.

"Fari fat," in ji shi. "Tun Ista. Ni ina ta yi maka addu'a, na ce ciwo ne. Har bazawarar mai gidan burodi na daina gaisarwa saboda kai. Ashe tsohon banza, ɓarawon gangar surukarka ne!"

"Dubawa nake yi!"

"Wata shida? Ko mai ciki ba a duba ta haka."

Dariya ta ɓarke daga ƙarshen tebur inda masu tsinka suke, ta gangaro har kan dattawa. Baba Rémi ya miƙa hannu wajen burodi, ya fasa. Mama kaɗai ce ba ta yi dariya ba. Ta ajiye ludayi, ta zo ta tsaya a kan Kaka.

"Sau biyu ina kiran mai gyaran ganga, Baba. Na zaci ban iya ba ne." Ta tura kwanon gabansa da yatsa ɗaya. "Sha. Romo na hucewa."

A ƙauyenmu giyar da ta shiga romo ba a zubar da ita, ko ta maƙiyinka ce. Kaka ya dubi dama ya dubi hagu, bai ga mai ceto ba. Ya ɗaga kwanon da hannu biyu. Na ga yana ƙoƙarin yamutsa fuska tun kafin ya sauke, na ga yana riƙe hannunsa na dama da ƙarfi. Amma hannu ya saba. Ya ce "Aaah!" ya daki cinya, har kofunan Yallabai suka yi ƙara.

Léonce ya fizgi kwalbar ya zuba a nasa kwanon. Sauran shida suka bi, kowa yana cewa shi ma dubawa zai yi. Yallabai Ferrand ya tambaya mene ne wannan al'ada, aka ba shi kwano. Ya nemi cokali aka hana shi. Ya kafa kai, rabi ya bi ta haɓarsa ya sauka kan farar riga. Ya nemi bokitinsa, matar Léonce ta riga ta juye shi a gindin fure. Dole ya haɗiye. Sannan ya ce a ƙara masa. Ya fito da ɗan littafinsa ya rubuta cewa ya gano wani sabon haɗi.

Kaka ya bari hayaniya ta kwanta, ya buga tebur da gindin wuƙa.

"Ku saurara. Ni ban ce giya ce mai kyau ba. Ban ma ce giya ba ce. Giya ja ce. Wannan kayan miya ne, kamar tafarnuwa, kamar albasa. Na yi rantsuwa zan tuge gonar giya, kuma da gonar giya ce da na tuge. Amma wane mahaukaci ne zai sa tarakta a lambun miya?"

Dattawa suka gyaɗa kai, suka ce wannan magana ce ta hankali, dama su ma abin da suke shirin faɗa ke nan. Léonce ya ce a rubuta a takarda kafin tsohon ya sake tunani. Baba ya rubuta a bayan takardar jerin abincin da Yallabai ya tsara, cewa lambun miyar da ke bayan maƙabarta na Odile ne. Kaka ya sa hannu yana gunaguni.

Mama ta ninke takardar ta sa a aljihu. Ta ce sunan bai dame ta ba, a kira shi garken awaki ma in ana so.

Litinin da safe mai tarakta ya zo, don babu wanda ya tuna ya hana shi. Kaka ya sa shi ya share hanyar da ke hawa filin, ya ce dama don haka ya kira shi. Da rana Mama ta ɗauko maƙeri ya yi wa gangunanta biyu marfin ƙarfe da kwaɗo, ta rataya makullin a wuya.

Yanzu Kaka ya dawo shan romo a kicin, rediyo ya daina damunsa. In romo ya kusa ƙarewa sai ya yi gyaran murya ya ce, "'Yar arewa, miƙo kayan miya." Mama ta ci gaba da cin abincinta. Ya sake faɗa, ta tambayi Baba ko ya ji motsi. Sai romo ya fara hucewa sannan ya ce, ƙasa-ƙasa, yana kallon bango, "Odile." Ta tashi ta kawo.

Ni kuwa ya cika alkawari, ya faɗa wa Baba inda ciwon kaina ke zuwa hutu. An ba ni wankin kwandunan tsinka duka, ɗari da goma, ni kaɗai. Ya zo ya zauna a kan akwati yana kallona yana cewa ban wanke gindi ba.

Ranar Lahadi kafin ya fita shagon shayi, yakan tsaya a bayan ƙofa ya zuba jar giya a ɗan kofi, ya tsoma gefen gashin bakinsa, dama da hagu, ya jira ya bushe. Duk ƙauyen sun sani. In ya iso, Léonce ya dube shi da kyau ya ce, "Firmin, an ci abinci ke nan." Shi kuma ya ce, "An ci," ya ja kujera ya zauna.